Launi, Yatsa ko Hasken Ɓoye: Zaɓen Hanyar Zane a Allon Kwamfuta ta Kyamara

Duk wanda ya yi niyyar mayar da kyamarar kwamfutarsa abin zane, ya riƙa motsa hannu a gabanta layi yana fitowa a kan allo, zai tarar da hanyoyi da dama a gabansa, kuma kowace tana da masu yabonta. Akwai bin sawun wani abu mai launi, kamar murfin biro ko ƙwallon tebur, akwai bin sawun hannu kansa ba tare da an riƙe komai ba, akwai alƙalami mai fitar da hasken da ido ba ya gani, sannan akwai takarda mai ɗauke da tambari baƙi da fari wanda manhaja ta san siffarsa. Tunanin ya daɗe, domin tun a shekarun 1970 Myron Krueger ya gina wani tsari a Amurka mai suna Videoplace, inda mutum yake tsayawa gaban kyamara surarsa tana hulɗa da zane a allo. Abin da ya sauya tun daga lokacin shi ne kayan aikin sun zo hannun kowa, musamman rumbun OpenCV, wato tarin kayan aikin manhaja na sarrafa hoto, wanda aka fara a kamfanin Intel a 1999 kuma kowa yake iya amfani da shi kyauta.

Yawancin masu kwatanta waɗannan hanyoyi suna tambaya ne wace ta fi gano abin da ake bi. A ganina wannan tambaya ta biyu ce. Ta farko ita ce yadda manhaja za ta san lokacin da aka ɗora alƙalami da lokacin da aka ɗaga shi. A kan takarda ba wanda yake tunanin wannan, domin takardar ce take amsawa: in bakin alƙalami ya taɓa ta tawada ta fito, in ya rabu da ita shi ke nan. A cikin iska kuwa babu abin taɓawa, kuma kyamara ɗaya ba ta auna nisa da kyau, saboda haka in ba a samo wata dabara ba duk motsin hannu zai zama layi, har da dawowar da mutum yake yi daga ƙarshen kalma zuwa farkon wata. Hanyar da ta warware wannan da tsabta ita ce take ba da zane mai amfani, ko da ta fi sauran wahalar haɗawa.

Kafin a shiga hanyoyin ɗaya bayan ɗaya, ya kamata a san iyakar kyamarar kanta, domin ita ce ta ɗaure su duka. Kyamarar kwamfuta ta yau da kullum tana ɗaukar hoto 30 a sakan ɗaya, wato akwai tazarar kimanin milisakan 33 tsakanin hoto da hoto. Idan kyamara tana ganin faɗin mita ɗaya a cikin fiksel 640, wato ƙananan ɗige-ɗigen da suke haɗuwa su zama hoto, hannu kuma yana tafiyar mita ɗaya a sakan, to tsakanin hoto da na gaba abin da ake bi ya yi tsallen fiksel 21, wanda zai zama kusan fiksel 64 a kan allo mai faɗin 1920. Wannan ne ya sa ba a ɗiga aya a kowane wuri a tsaya, sai an haɗa wurin da aka gani yanzu da na baya da layi, kuma shi ya sa da'irar da aka zana da sauri take fitowa da kusurwoyi. Lissafin yana kuma nuna cewa kuskuren fiksel ɗaya a kyamara ya zama uku a allo. Ga kuma batun haske: idan ɗaki ya yi duhu, kyamara takan tsawaita lokacin da take buɗe ido domin kowane hoto, sai yawan hotuna ya ragu, wani lokaci zuwa rabi, abin da ke motsi kuma ya shafe ya zama dishi-dishi. Fitila mai kyau a gaban mai zane takan gyara fiye da abin da awanni na gyaran manhaja za su gyara.

Hanyar launi ita ce mafi sauƙin fahimta, kuma wannan babbar daraja ce ga mai koyo. Manhaja tana karɓar hoto, ta mayar da shi daga tsarin ja da kore da shuɗi zuwa tsarin HSV, wanda ya raba jinsin launi daban, kaurinsa daban, haskensa daban. Amfanin wannan rabuwa shi ne murfi kore yana nan kore ko inuwa ta faɗo masa, haskensa kawai ya ragu. Sai a ba da iyaka ta ƙasa da ta sama, duk fiksel ɗin da ya faɗa tsakaninsu ya zama fari, sauran su zama baƙi, a share ƙananan ɗige-ɗige, a ɗauki dunƙule mafi girma, a nemo tsakiyarsa. Wannan tsakiya ita ce bakin alƙalami. A harshen rubuta manhaja na Python aikin gaba ɗaya bai wuce layuka 'yan gomomi ba, tsohuwar kwamfuta ma tana ɗaukarsa ba tare da nishi ba, kuma idan wani abu ya lalace mutum yana iya buɗe hoton baƙi da farin ya ga da idonsa inda matsalar take.

Zaɓen launin kansa yana da ƙa'ida. A OpenCV jinsin launi yana tafiya ne daga 0 zuwa 179, kuma ja yana zaune a bakin iyakokin biyu, wani ɓangare kusa da 0 wani kusa da 179, don haka mai bin ja sai ya haɗa iyakoki biyu. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne fatar mutum, ko fara ko baƙa, jinsin launinta yana tsakanin ja da ruwan lemo ne, bambancin yana a haske. Abu ja ko ruwan lemo zai riƙa rikicewa da fuska da tafin hannu, shi ya sa kore shar ko shuɗi mai kauri suka fi aminci. Abin ya zama marar ƙyalli, domin wurin da haske ya haska a jikin roba mai sheƙi fari kyamara take ganinsa, sai dunƙulen ya tsage biyu tsakiyarsa ta yi tsalle.

Raunin wannan hanya shi ne duk abin da aka saita, an saita shi ne domin haske ɗaya. Iyakokin da suka yi aiki da hantsi kusa da taga suna iya gazawa da dare a ƙarƙashin ƙwan lantarki, kuma kyamarar da kanta tana gyara haske da daidaiton fari duk lokacin da wani abu ya sauya a gabanta, ta yadda shigowar mutum da farar riga zai iya sauya launin duk abin da ke cikin hoton. Maganin farko shi ne a kashe waɗannan gyare-gyare na kai-tsaye idan kyamarar ta yarda. Magani na biyu, wanda na fi so, shi ne a sa abin ya fitar da haskensa da kansa, misali a cusa ƙaramin ƙwan LED a cikin ƙwallon tebur, sannan a rage hasken kyamara har bayan ɗakin ya dushe. Da wannan dabara ce kamfanin Sony ya gina PlayStation Move, abin riƙon wasan bidiyo, a 2010: dunƙule mai haske a kan abin riƙo, kyamara tana bin launinsa, girman da'irarsa a hoto kuma yana nuna nisansa. Ƙwan da ke da makunni yana warware matsalar ɗaga alƙalami nan take, in an danna ya zana, in an saki ya daina. Idan babu shi, sai a koma ga dabarun da ba su kai shi ba, kamar ɓoye murfin a tafin hannu, ko danna wani madanni da ɗaya hannun, ko a ce zane zai fara ne idan abin ya matso har girmansa ya wuce wani ma'auni. Ta ƙarshen tana da daɗin ji amma tana da wuyar sarrafawa, domin hannu ba ya iya tsayawa a nisa ɗaya yana tafiya gefe.

Akwai 'yan uwan wannan hanya da ba su buƙatar dogon bayani. CamShift, wanda Gary Bradski ya wallafa a 1998, yana koyon launin abin da aka nuna masa sannan ya bi shi yana daidaita girman tagarsa, dabarar Lucas da Kanade ta 1981 kuma tana bin ɗigo daga hoto zuwa hoto bisa yadda kewayensa yake. Dukansu suna da halin zamewa a hankali daga abin da aka ɗora su a kai, kuma in sun ɓace ba sa dawowa da kansu, wanda hakan babban aibi ne ga zane.

Bin sawun hannu shi ne ya fi jan hankali a yau, kuma dalilin a fili yake: ba a riƙe komai, ba a saita launi, kowa ya zo gaban kyamara ya ɗaga hannu ya fara. Abin da aka fi amfani da shi shi ne MediaPipe na kamfanin Google, wanda ɓangarensa na hannu ya fito a 2019. Yana aiki ne a mataki biyu, ya fara gano tafin hannu a cikin hoto, sannan ya ƙiyasta wurare 21 a jikin hannun, tun daga wuyan hannu mai lamba 0 har zuwa kan kowane yatsa. Kan babban yatsa shi ne lamba 4, kan manuni lamba 8, kuma wannan na takwas ɗin ne akasari ake mayarwa bakin alƙalami. Ba ya buƙatar kwamfuta ta musamman, yana ma iya gudana a cikin burauza, kuma sauyin haske ba ya rikita shi kamar yadda yake rikita hanyar launi, ko da yake duhu da taga mai haske a bayan mutum suna cutar da shi shi ma. Yana kuma ba da damar umarni da yawa daga hannu ɗaya: yatsa ɗaya zane, biyu zaɓen launi, buɗaɗɗen tafi gogewa.

Sai dai a nan ne ya kamata mai zaɓe ya yi taka-tsantsan, domin abin da yake burgewa a bidiyon minti ɗaya ba lalle ne ya jure aikin rabin awa ba. Wuraren nan 21 ƙiyasi ne da ake sabuntawa a kowane hoto, saboda haka ko an tsayar da hannu cik ɗigon yana ɗan rawa. Idan yatsa ya miƙe ya fuskanci kyamara kai-tsaye, kamar yadda mutum yakan yi in yana nuna allo, gaɓoɓinsa suna ɓuya a bayan juna ƙiyasin ya lalace. Matsalar da ta fi damuna kuwa ita ce ta tsunkule. Dabarar da aka fi yi domin fara zane ita ce a haɗa babban yatsa da manuni, to amma wannan motsi da kansa yana janye kan manuni daga inda yake, sai kowane layi ya fara da ƙaramar ƙugiya ya kuma ƙare da wata. A babban zane ba za a kula ba, amma a rubutu ƙugiyoyin nan suna cinye haruffa. Ana rage wannan ta hanyar ɗaukar tsakiyar yatsun biyu a matsayin bakin alƙalami, ko a zana da hannu ɗaya a ba da umarni da ɗayan. Dole kuma a auna tazarar yatsun bisa girman hannun a hoto, in ba haka ba mutum yana ja da baya manhaja za ta ɗauka ya tsunkule, kuma a sa ma'auni biyu, ɗaya na farawa ɗaya na dainawa, domin kada layi ya riƙa yankewa idan tazarar ta tsaya a kan iyaka. Duk waɗannan gyare-gyare suna yiwuwa, amma su ne ainihin aikin, kuma sun fi kiran rumbun kansa ɗaukar lokaci.

Akwai kuma gajiya, wadda ta shafi duk zanen da ake yi a iska, ko da launi ko da yatsa. Hannun da aka miƙa ba tare da madogara ba yana fara nauyi cikin 'yan mintuna, kafaɗa ta ɗauki zafi, layi ya fara karkarwa. Rubutun hannu mai kyau daga yatsu da wuyan hannu yake fitowa yayin da gefen tafi yake kwance a kan wani abu, a iska kuwa kafaɗa da gwiwar hannu ne suke rubutun, kuma ba a halicce su domin ƙananan haruffa ba. Wanda ya ɗora kyamara a sama tana kallon tebur, ya riƙa jan abin a kan farar takarda, ya kawar da gajiya da rabin karkarwar a lokaci ɗaya, kuma bayan hoton ya zama fari tas wanda ba ya rikita launi.

Hanyar hasken infared, wato hasken nan da ido ba ya gani, ita ce ta fi kowace kusanci da alƙalami na gaskiya, kuma ina ganin ba a ba ta haƙƙinta saboda tana buƙatar ɗan aikin hannu. Ana haɗa ƙwan LED mai fitar da hasken da ido ba ya gani, mai tsawon zango na nanomita 850 ko 940, da batir da makunni a cikin gangar tsohon alƙalamin allo. Kyamarar da aka shirya domin wannan haske ba ta ganin komai sai ɗigo ɗaya mai haske a cikin baƙi, don haka babu ruwanta da launin riga ko na fata ko abin da ke bango. Idan aka sa makunnin a bakin alƙalamin, ta yadda dannawa a jikin bango ce take kunna shi, to an dawo da abin da takarda take yi. A ƙarshen 2007 Johnny Chung Lee, wanda a lokacin yake Jami'ar Carnegie Mellon, ya nuna yadda ake yin allon koyarwa da wannan dabara ta amfani da abin riƙon na'urar wasan bidiyo ta Wii ta kamfanin Nintendo, wanda yake da kyamarar infared a kansa da take bin ɗigo har huɗu, tana ba da rahoto sau 100 a sakan ta Bluetooth. Ana haska allon kwamfuta a bango da majigi, a taɓa kusurwoyi huɗu da alƙalamin domin manhaja ta lissafa yadda ganin kyamara ya dace da allon ko da tana kallo daga gefe, daga nan bangon ya zama wurin rubutu.

Kyamarar kwamfuta ma tana iya wannan aiki, amma sai an buɗe ta an cire ɗan gilashin da yake tare infared, a sa wani abu da yake tare hasken da ido ke gani, kamar baƙin gefen fim ɗin hoto da aka wanke. Wannan aiki ba ya komawa baya cikin sauƙi, yana iya ɓata daidaiton gani, kuma ba abin da za a yi wa kyamarar da ke jikin laftof ba ne, sai wadda ake jonawa daban. Hasken rana da tsofaffin ƙwayayen lantarki masu zare suna cike da infared, saboda haka kusa da taga hanyar tana makancewa. Jikin mai rubutu kuma yana iya shiga tsakanin alƙalami da kyamara, abin da yake sa a ɗora ta sama a gefen da hannun rubutu ba ya rufewa.

Tambarin ArUco, wato tambarin nan baƙi da fari da aka ambata a farko, wanda masana a Jami'ar Kordoba ta Sifen suka ƙirƙira kuma yake cikin OpenCV, yana ba da abin da launi ba ya bayarwa: lambar kowane tambari, kusurwoyinsa huɗu, da yadda ya karkata. A matsayin bakin alƙalami ba na ba da shawararsa, domin da zarar hannu ya yi sauri hoton ya shafe, manhaja ta kasa karanta shi, layi ya yanke a daidai inda ake buƙatarsa. Inda yake da amfani ƙwarai shi ne a manna huɗu a kusurwoyin takarda ko allo, su riƙa gaya wa manhaja inda filin zane yake ko an gusa kyamara.

Kowace hanya aka ɗauka, sai an sassauta rawar layi, kuma a nan akwai ciniki da ba a kauce masa. Ɗaukar matsakaicin wurare biyar na baya yana ba da layi sumul, amma a hoto 30 cikin sakan hakan yana sa layin ya riƙa biyo hannu a baya da jinkirin da ido yake gani, kuma jinkiri ya fi karkarwa ɓata rubutu, domin mutum yana gyara hannunsa ne bisa abin da ya gani a allo. Wasu suna amfani da matatar Kalman, wata dabarar lissafi ta tace irin wannan rawa, wadda aka sani tun 1960. Na fi karkata ga wadda ake kira 1€, wadda Géry Casiez da Nicolas Roussel da Daniel Vogel suka gabatar a 2012, domin tana sassautawa sosai idan hannu yana tafiya a hankali, inda rawa take bayyana, ta kuma saki idan ya yi sauri, inda jinkiri yake bayyana. Hannu ya fi buƙatar wannan tacewa, launi yana bi masa, infared kuwa kaɗan ya ishe shi. Kada kuma a manta a juya hoton kamar madubi idan kyamara tana fuskantar mai zane, in ba haka ba dama za ta koma hagu.

Wanda burinsa ya fahimci yadda kwamfuta take gani, ya fara da launi, kuma ya yi ƙoƙarin kaiwa ga ƙwallo mai haske da makunni, domin zai koyi kowane mataki da hannunsa kuma ya ƙare da abin da yake aiki. Wanda yake son abin da baƙi ko yara za su zo su gwada ba tare da bayani ba, ko mai gabatar da darasi ta bidiyo da yake son ya ja layi ko ya kewaye wani abu a kan allo na ɗan lokaci, hannu ne ya dace da shi, muddin bai sa ran ƙaramin rubutu ba. Malamin da yake da majigi yana son rubutu na gaske a bango na tsawon darasi, infared ne zaɓinsa, kuma wahalar haɗa alƙalamin ta kwana ɗaya ce. Mai zanen da yake neman kaurin layi ya bi nauyin hannunsa kuwa, ya kamata a gaya masa gaskiya cewa babu ɗaya daga cikin waɗannan da za ta gamsar da shi. Allon zane mai alƙalami, irin na Wacom da makamantansa, yana bambance matakan dannawa 4096 ko 8192, yana ba da rahoto fiye da sau 100 a sakan, kyamara kuwa ba ta jin dannawa ko kaɗan, sai dai a kwaikwaya ta da sauri ko da nisa.

Idan har yanzu ana shakka tsakanin biyu, gwaji ɗaya yana raba gardama, kuma ya fi zana lanƙwasa a iska, wanda kowace hanya take ci. A rubuta gajeriyar jimla mai haruffa rabe-rabe, da ɗigon kan harafin i da aya a ƙarshe, sannan a zana murabba'i a yi ƙoƙarin rufe shi a daidai inda aka fara. A maimaita sau ɗaya da rana, sau ɗaya da dare, a ɗakin da za a yi aikin, sannan a ci gaba da rubutu har minti goma ba tare da sauke hannu ba, a duba yadda layin ƙarshe ya fito idan aka ajiye shi kusa da na farko.